Gadar Sarki da Furar Kurciya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wani ƙauye ne a bakin kogi, inda ake fito. Jirgin guda ɗaya ne, kuma ba ya sauri. Sai fatake su sauke kaya su yi ta jira, wani lokaci har su kwana. A nan wata tsohuwar Kurciya take dama musu fura, da ita take ciyar da jikokinta marayu. Maƙeri yana da aiki, wanzami ma haka.

Ana nan, sai Sarki Zaki ya so gina gada. Ya kira Gizo ya ce, "Je ka tambayi masu ƙetarawa ko za ta amfane su."

Sai Gizo ya je ya sami Raƙumi. "Malam Raƙumi, a yi gada?"

"A yi. Gishirina ya daina jiƙewa."

Sai ya sami Jaki. "A yi gada?"

"A yi. Na gaji da sauke kaya da ɗorawa."

Sai ya sami Jimina. Ta ce, "A yi mana! Ko ruwa ba zan ƙara tsayawa sha a nan ba."

Kurciya tana ji. Ta ce, "Gizo, ɗan nan, ni ba ka tambaye ni ba."

"Iya, kina ƙetarawa ne?"

"In je ina? A gindin tsamiyar nan duniya take zuwa ta same ni."

"To, ba wurinki aka aiko ni ba. A dama mini fura dai, a cika nono."

Sai aka gina gada, mai kyau ƙwarai. Fatake suka riƙa wucewa, sai ɗaga hannu daga nesa. Fura ta yi tsami a ƙwarya. Maƙeri ya kashe wutarsa ya tafi. Wanzami ya bi shi. Kurciya ta daure damina guda, har ƙaramin jikanta ya daina kukan yunwa, sai kallo.

Rannan ta goya shi, ta ɗauki ƙwarya da ludayi, sauran suna biye. Suka hau gada, suka nufi birnin da ba ta san kowa ba.

Gizo ya gan su. Sai ya ruga fada ya faɗi. "Ranka ya daɗe, gada ta karɓu! Har tsofaffin ƙauyen sun fara hawa."

Sai Sarki ya ba shi riga.

Raƙumi bai yi ƙarya ba, yara, Jaki ma haka. Amma in za a auna amfanin hanya, kada a tsaya ga mai wucewa kaɗai. A tambayi wanda yake zaune a bakinta.

Kurunkus, nan ta tsaya.