Yalo-yalon da Bai Cika Ba

Akwai wata mata mai sayar da koko da ƙosai a unguwar Gurugu, sunanta Memunatu. 'Yar zangon Hausawa ce, mijinta Andani kuwa ɗan ƙabilar Dagomba ne. Allah ya ba su 'ya ɗaya tilo, Suhuyini.

Yarinyar ta shekara huɗu amma ba ta magana. Tana ji sarai, in ka kira ta za ta waiwayo. In tana son ruwa sai ta ja zanen uwarta ta nuna randa. "Mma" kaɗai ke fita daga bakinta, shi ma sai ka kasa kunne.

Babu inda Memunatu ba ta je ba. Asibiti sun duba sun ce lafiya lau. Rubutu kuwa yarinyar ta sha har ta fara gudun kofi.

Ana cikin haka sai yayar Andani, Alimatu, ta zo daga ƙauye. A al'adar dangin mijin, gwaggo tana da ikon ɗaukar 'yar ɗan'uwanta ta riƙe, kuma ba a musa mata.

"Wannan yarinya ba na sukuu ba ne," in ji Alimatu, tana nufin makaranta, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji. "Bayan Babban Sallah zan zo in ɗauke shi. A ƙauye ko ba baki zai iya tsintar kaɗanya."

Memunatu ta dubi mijinta. Gogan naku ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗinsa kamar yau ya fara ganinsu.

Hankalinta ya tashi. Ta kai Suhuyini wata ƙaramar makaranta a Choggu, ajin Madam Najat. A gida kuma ta tsiro da nata karatun. Ta zare tsinken tsintsiya ta tsaya a kan yarinyar: "Ce ɗaya! Ce biyu! Buɗe baki mana!"

Tana dukan tana kuka, don ba mugunta ba ce, tsoro ne. Amma sauri ya haifi nawa. "Mma" ɗin ma da ake samu sai ya ɗauke.

Wata safiya koko ya ƙare da wuri, ta leƙa makarantar. Me za ta gani? Madam Najat zaune a ƙasa, an jera benci, wani yaro riƙe da murfin tukunya yana juya shi kamar sitiyari. Wai yalo-yalo suke yi, keken nan mai ƙafa uku. Dokar wasan ita ce sai an ƙirga fasinja uku a baya kafin a tashi, kuma kowa sai ya faɗi inda za shi. Suhuyini tana ƙarshen benci, shiru.

Ran Memunatu ya ɓaci.

"Madam, na kawo ta ta koyi magana, ke kin zauna kina wasan lori? Za su ƙwace mini ita fa! Ba ni da lokacin wasa kwata-kwata!"

Madam Najat ta janye ta gefe. "Mman Suhuyini, kina dukanta a gida, ko?"

Memunatu ta kawar da kai, Madam Najat ta ci gaba.

"Ki dubi yatsanta. Duk wanda ya hau benci tana nuna shi, leɓenta na motsi. Maganar tana ciki, tsoro ne ya tare ƙofa. Ki ajiye tsinke. In kin koma gida ki zama fasinja."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Memunatu ta koma gida ta jawo bencin koko. Kullum da yamma sai ta hau ta zauna kusa da Suhuyini tana cewa, "Direba, Kasalgu za ni!" Ta ɗauko 'yar tsana ta cike gurbi na uku. Matan gida suka samu abin dariya, suna cewa uwa ta bi 'ya.

Suhuyini ta fara murmushi. Ta fara nuna fasinja da yatsa. Amma murya, ko ɗis.

Aka yi Sallah, aka cinye nama, sai ga Alimatu da yalo-yalo a ƙofar gida.

Memunatu ta durƙusa ta kama ƙafarta. "Yaya, don Allah ki ƙara mini ko wata ɗaya. Ita kaɗai gare ni."

"Na ba ki lokaci mai yawa paa. Ya yi magana?"

Memunatu ta girgiza kai. Andani ya sulale ya ce za shi masallaci, alhali ko azahar ba ta yi ba.

Aka sa jakar yarinyar. Alimatu ta shiga, aka ɗora Suhuyini kusa da ita. Memunatu ta jingina da bango. Direba ya tayar da inji.

Sai yarinyar ta ɗaga yatsa. Ta nuna gwaggonta.

"Ɗaya."

Ta nuna ƙirjinta.

"Biyu."

Ta dubi gurbin da ba kowa, ta daki bayan kujerar direba.

"Direba, tsaya! Bai cika ba. Mma, shigo!"

Direban ya kashe inji. Memunatu ba ta san lokacin da ta faɗa ciki ba, ta ƙanƙame 'yarta tana kuka kamar ranta zai fita.

"Uku," in ji Suhuyini.

Alimatu ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta share ido da bakin mayafi. Direba ya waiwayo ya ce, "To, yanzu ya cika. Ina za mu?"

Duk suka dubi Suhuyini.

"Sukuu," ta ce.

"Ka ji shi," in ji Alimatu. "Sauke jakan nan tukuna."

Darasi: Abin da bulala ta kulle a bakin yaro, wasa da haƙuri ne ke buɗe shi. Kada ka raina malamar da ka tarar zaune a ƙasa da yara, a nan suke koyon magana da ƙirga. Ku tura wa duk iyayen da tsoro ya sa suka ɗauki tsinke, ko Allah zai sa su ajiye.