Ƙawanyar Azurfa da Kanarin Kurmi

An ce wani sarki ya gāji wata al'ada daga kakansa. Kowace shekara mutanen wani ƙauye na bakin kurmi sukan kamo kanari su kawo fada, don su riƙa rera kuka a soron sarki. Akwai wata ƙawanyar azurfa da kakan ya sa aka ƙera daidai ƙirjin ƙosasshen kanari na zamaninsa, da ita ake gwada kowane tsuntsu. Wanda ya maƙale a karɓa, wanda ya zurare a ce bai isa ba.

Shekaru na tafiya, masu zurarewa na ƙaruwa, har aka zo shekarar da ko ɗaya bai maƙale ba. Waziri ya ce magana a fili take: Nomau, shugaban masu kamun, yana sayar wa fatake manyan, ya kawo wa sarki ragowa. Aka zaga kasuwa da Nomau ana kaɗa ganga, keji rataye a wuyansa, sannan aka jefa shi kurkuku, za a kore shi daga ƙasar.

To, a garin akwai wani dattijo, Malam Hambali, wanda ya daina koyarwa saboda tsufa. Shi ya koyar da sarki, shi ya koyar da Nomau, kuma da bulala ɗaya ya dake su. Da labari ya iso shi, ya ɗauki sandarsa ya nufi fada ransa a ɓace. Ya yi gaisuwa cikakkiya, domin ba ya rage komai ko da yana fushi. Ya ce bai zo rantsuwa a kan halin Nomau ba, don a makaranta daƙiƙi ne. Ya zo ne domin an yanke hukunci ba shaida sai ƙarfe, shi kuwa bai taɓa koya wa sarki haka ba.

Sarki ya yi murmushi ya tambaye shi abin da yake so. Malam ya ce a sake sauraron shari'ar a bakin kurmi, da tsakar rana, ba laima, ba mafici. Waziri ya ce wannan raini ne, amma sarki ya ji nauyin malaminsa, ya amince.

Bazarar shekarar ta fi ta bara zafi, ta bara kuwa ta fi ta bara waccan. Da suka isa bakin kurmi, suka zauna a inda inuwa ta sirance. Malam ya sa aka ajiye wa sarki gasasshen nama da tuwo, ya roƙe shi ya ci. Sarki ya kai loma ɗaya, ya ture akushin, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin rawaninsa. Waziri kuwa tuni ya buɗe baki yana haki.

Malam ya nuna wani reshe da sandarsa. Uwar kanari ce a kan sheƙa, ta baza fikafikai a kan 'ya'yanta, bakinta a buɗe kamar na waziri. Ya ce da a dā ne, da yanzu tana can tana tsinto musu tsaba da tsutsa. Yau in ta tashi rana ta gasa su, in ta zauna yunwa ta tsotse su. A gindin bishiyar ga wasu 'yan tsuntsaye sun faɗo sun bushe, tururuwa na ja.

Sai ya sa aka zuba kunu mai zafi a babbar ƙwarya da kuma ɗan ludayi. Ya ce, "Ya sarki, wanne zai riga hucewa?"

Sarki ya ce, "Na ludayi."

"To, haka jiki yake. Babba yana riƙe zafi, ƙarami yana saurin sakinsa. Ranar da zafi ya kai maƙura, ƙosassun da kakanka ya auna su ne suka fara faɗowa. Ƙananan suka tsira, suka haifi irinsu, irin nasu ma ba su ƙoshi a sheƙa ba. Manyan da kake nema a hannun fatake, ga su nan a bakin tururuwa."

Waziri ya ce ƙawanya dai ba ta ƙarya. Malam ya ce gaskiya ne, amma ita a akwati take kwana, a cikin soro mai sanyi, ba ta taɓa yin bazara ɗaya a kurmi ba.

Sarki ya daɗe yana duban tsuntsuwar. Sannan ya ce a saki Nomau.

Malam bai yi godiya ba. Ya ce saki rabin hakki ne. A kasuwa aka tozarta mutumin, a kasuwa za a wanke shi, da gangar da aka kaɗa ranar, kuma waziri ne zai ɗauki kejin. A bar kamun kanari sai sun farfaɗo, a hana sare itacen kurmin, a jera kasake da ruwa a gindin bishiyoyi.

Sarki ya ce, "Malam, in na yi duk wannan, za su koma yadda kakana ya san su?"

Malam ya ce, "Ban sani ba, ya sarki. Ba ni da maganin rana. Na dai san ba Nomau ne ya hura ta ba."

Aka yi yadda ya faɗa. Ranar kasuwa waziri ya zaga da keji a hannu, Nomau na biye da sabuwar riga, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba. Soron sarki ya yi tsit, ba kukan tsuntsu. Ƙawanyar kuwa sarki ya sa aka rataye ta a ƙofar majalisa, inda rana ke dukanta, har ta zama ba ta taɓuwa da azahar. Duk sa'ad da zai shiga shari'a yakan ɗora yatsa a kanta, ya ce: mai adalci yakan fara auna zamani kafin ya auna mutum.