Jan Fenti a Wurin Alwala

Akwai wani tela a Zongo, nan cikin Yamai, ana ce masa Zailani. A gefen masallacin layinsu akwai wurin alwala mai famfuna da dakalin siminti, wanda mahaifinsa ya gina kafin ya rasu. Duk wanda ya yi alwala a wurin, Zailani yakan ji a ransa lada ya isa kabarin tsohon.

Sai dai a kan kanibo aka gina shi, magudanar da ke kwashe ruwan unguwa, har ya tare wa ruwa hanya.

Ana gab da damina, wani ma'aikacin ofishin magajin gari ya zo a kan moto, ya dudduba, ya shafa jan fenti a bangon, alamar a rushe. Sunansa Mushe Timoti, wato Malam Timoti da Faransanci, mutumin Dogondutsi, da ɗan gicciye a wuyansa.

Gicciyen nan ne ya tsaya wa Zailani a rai.

"Duk faɗin Yamai bai ga abin rushewa ba sai wurin alwala?" ya ce wa matarsa Hadiyya. "Da biyu ya zo."

"Maigida, bara ruwa har gwiwa ya shiga ɗakin Inna Mariyam da ke ƙasa da mu. Kai ka goyo ta ka fito da ita."

"Wannan daban. Katangar majami'arsu ma a kan kanibon nan take, can gangare. Ki ga in zai taɓa ta."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba."

Hadiyya ta miƙa masa shayi, ba ta saki kofin da wuri ba. "Je ka gani. Ba na son mijina ya rantse a kan abin da bai gani ba."

Ya tafi, amma da nasa nufin. Hoton katangar zai ɗauka da salula, ya watsa wa mutanen unguwa su fito su tare masu rusau.

Da ya isa, babu katanga. Bulo ne a tare gefe guda, wata tsohuwa tana sharar ɓaraguzai.

"Sannu Mama. Wa ya yi wannan aiki?"

"Wa kuwa? Ɗanmu Timoti! A nan aka yi masa baftisma, amma da tamu ya fara, don ya burge Musulmi. Ko sayen shi suka yi, oho. Yanzu ran Lahadi shi kaɗai yake zama a bencinsa."

Zailani ya mayar da salula aljihu. Maganarsa ce ta ɗazu yake ji a bakin wata.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ranar da Timoti ya dawo da leburori, Zailani ya tare shi.

"Mushe, tsakaninka da Allah, me kake nema da mu?"

"Malam Zailani, da aka ba ni aikin nan, unguwa aka ce in kula da ita, ba a ware mini Kirista ko Musulmi ba. In ruwa ya ci wani a ɗakinsa, Allahn da nake tsoro ni zai tambaya. Ga fili nan arewa da masallaci, doka ba ta hana ba. Mayar da famfunan can, ladan babanka ya ci gaba."

Zailani ya dubi dakalin. Sannan ya karɓi guduma a hannun lebura, ya fara kai bugu da kansa.

Da ruwan farko ya sauka, kanibo ya kwashe shi tas. Inna Mariyam ta wuni a ɗakinta, tabarmarta a bushe. Aka kira la'asar, Zailani ya yi alwala a sabon wurin. Da ya shigo gida, Hadiyya ta miƙa masa tawul tana murmushi.

"Yau ba wanda za ka goya, Maigida."

Darasi: Kada ka yanke wa ma'aikaci hukunci da abin da ke rataye a wuyansa, ka dubi ko yana yi wa kowa adalci ɗaya. Kujerar hukuma ta kowa ce, kuma mai tsoron Allah na gaskiya ba ya karkata ta ko don nasa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda muke zargi alhali ba mu je mun gani ba.