Sarkin da Ya Rufe Yayansa da Zinariya

A zamanin da, akwai wani sarki can arewacin Turai, inda sanyi ke daskarar da teku. Ba shi ne magaji ba. Yayansa ne ke kan gadon sarauta. Shi kuwa ya bi shi fagen yaƙi, ya soke shi da mashi ta baya, ya dawo gida yana kuka, yana cewa magabta ne suka sare shi a ƙirji.

Aka naɗa shi, amma tsoro bai sake shi ba. In mutum biyu suka yi raɗa a fada, sai ya ɗauka zancensa suke yi. Domin ya kafa mulkinsa, ya sa aka yi ta shela cewa marigayin waliyyi ne, gama wa zai tayar wa ƙanen waliyyi? Ya gina masa majami'a, ya dalaye akwatin gawar da zinariya.

Abu ɗaya ya manta. A al'adar ƙasar, sarkin da aka ce waliyyi ne, magajinsa zai buɗe akwatinsa a gaban jama'a, ya rage masa gashi da hannunsa, har ƙeya.

Ranar ta zo, majami'a ta cika maƙil. Sarki yana ta roƙo a zuci, Allah ya sa ƙasusuwa kaɗai suka rage.

Tsohon firist, limamin majami'ar, ya miƙa wa sarki almakashi. Aka ɗaga murfi. Ga mutum kwance kamar mai barci, bai ruɓe ba, ƙirjinsa ba ko ƙwarzane. Mayaƙa suka dubi juna. Sarki ya rage gashin gaba da sauri.

"Baba, gaban ya isa," in ji sarki. "Kada mu dame shi."

"Saura ƙeya, ranka ya daɗe," in ji firist. "Ku juya shi."

Suka juya shi. Kowa ya ga ramin mashin. Kafin rana ta faɗi, an tuɓe sarki, an ɗaure shi da sarƙa.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin. Sarkin nan ni ne, kai ne, duk sa'ad da muka yi zunubi muka ƙi tuba, muka shiga lulluɓe shi da baiko mai tsoka a majami'a, da waƙa, da zama a kujerar gaba. Mutane za su yaba. Ubangiji kuwa ba ya ruɗuwa, a ranar shari'a zai tone kome a fili. Yau ƙofar gafara a buɗe take cikin Yesu Almasihu. Ka faɗa masa da bakinka, tun ba a juya naka bayan ba.