Alfadarin da Ya Hana Kanar Barau Ƙetare Kogi

Masu dogon karatu kan ce "an ruwaito". Ni da na bar makaranta don in sauƙaƙa wa malamai, da kunnen nan na ji.

A yaƙin basasar wata ƙasa, rundunarmu ta arewa ta yi ta cin garuruwa har bakin wani kogi kusa da teku, garin abokan gaba na tsallakensa. Da hantsi Kanar Barau ya ga ruwa ya janye, fili fetal. Ya yi tsalle ya ce ai irin kogin gida ne mai ƙafewa, a ja igwa a ƙetare yanzu.

Ƙi-Gudu, tsohon alfadarin da ke jan igwar, ya san shi za a sa gaba. Ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, kada abin da ya sami Kyaftin Jatau ya same mu."

Kanar ya ce ya faɗa a ji.

Alfadari ya ce Jatau ya taɓa samun irin filin nan, ya sa aka ɗora tuwo a tsakiyarsa. Kukunsa Mantau ya ɗanɗana ruwan wani gurbi, ya ji gishiri, ya ce, "Oga, ga labarin raƙumi da balbela. Raƙumi ya zo kudu, ya ga balbela na yawo kan laka. Ya ce mai ƙafar tsinke ma ta wuce, balle wanda ya ratsa hamada. Ya zura ƙafa. Har yau tozonsa kaɗai ake gani, a kai balbelar ke shan iska. Baƙo ko da ido, makaho ne."

Jatau ya ce ya tuƙa tuwo ya bar tatsuniya. Kafin a kwashe, teku ta turo ruwanta. Sojoji suka ɗare bishiyoyi, tukunya ta riga kowa isa garin abokan gaba, suka ci suka yi godiya.

Alfadari ya ƙarasa da cewa, "Kogin nan bai ƙafe ba, ranka ya daɗe, unguwa ya tafi. Tare bakinsa, tare hanyoyi. In hatsi ya daina shiga garin can, da ƙafarsu abokan gaba za su fito."

Kanar ya kafa sandarsa a laka, ya ɗora mata hularsa, muka zauna. Kafin azahar hula ta bi sawun tukunya.

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Na ji, a tare hanyoyi." Nan take ya naɗa alfadari kofur.

Ni kuwa da nake farabiti, har yaƙi ya ƙare ina sara masa.