Washegarin Sallar Wa?

"Kawu, saƙon nan babu shi."

"Akwai shi! Da idona nig gan shi, washegarin Sallah, ina cin nama!"

"To naman ka gani, ba saƙo ba."

Jama'a, akwai wani matashi a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, Musaddiq, wanda tun da ya iya rubuta manhaja ya koma amsa gaisuwa da gira. Shi ya haɗa wa ƙungiyar manoman ƙauyen kawunsa Tamba, can gefen Argungu, 'yar manhajar da ke shiga sabar imel ɗinsu. Akwatin cike yake da tarkace, netwok ba ƙarfi. Sai dai ka ba ta kwanan wata, ta ɗebo saƙonnin ranar kaɗai.

Wani mai saye daga kudu ya turo saƙo. Motocinsa za su kwashi shinkafar rani ta ƙungiyar, in an kira lambar da ke ciki kafin la'asar ɗin yau. In ba a kira ba, su wuce wani gari. Kawu Tamba ya karanta, kashegari wayarsa ta faɗa ruwan fadama. Shi ya sa yau ya taho wajen Musaddiq a nemo lambar.

Ga shinkafar mutane jibge a fili, ba rumfa. Ga hadari yana haɗowa daga gabas.

Musaddiq ya sake buga washegarin Babbar Sallah. Tallan taki ya fito, da gaisuwar banki.

"Kod ɗin manhajata ba ya ƙarya, Kawu. Tsufa ne. Wataƙila mafarki ka yi."

Tsohon ya cire hula, ya mayar. Ya leƙa taga.

"Mi zan ce ma mutane? Ni nac ce su fiddo shinkafa waje."

Basirat, abokiyar aikin Musaddiq, 'yar masu shagon atamfa a kasuwar Birnin Kebbi, ta ce, "Ka ƙara rana ɗaya gaba da baya mana."

"Ba na aiki da kame-kame," in ji Musaddiq, yana gyara gilashi da ɗan yatsa.

Aka yi tsawa. Iska ta bugo ƙofa.

Basirat ta miƙa wa tsohon ruwa, ta durƙusa gefensa.

"Baba, kwantar da hankali. Ba ni labarin ranar. Wa ya zo gidan?"

"Ɗiyata Sharifa ta zo daga nan Birni. Tac ce mu yi sauri, gobe su ka Idi."

"Gobe? Ku kun riga kun yi?"

"Awo. Mu can, malaminmu ya ga wata tun da wuri. Mun riga Birni da kwana guda."

Ta sake lissafawa da shi a hankali. Ranar yanka Sharifa ta iso, ta koma da yamma. Da safe, ana Idi a Birni, shi yana cin naman jiya, saƙo ya shigo.

Basirat ta dubi Musaddiq. Ta jawo kwamfutar, ta ja ranar baya da ɗaya.

Abin ya yi ta juyawa. Netwok ya ɗauke. Ya dawo. Kawu yana ta salati.

Sai ga saƙon, da lambar a ƙasa.

Ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake. Wata murya ta ce direbobi sun tada mota a Jega, yanzu za su juya.

"Kar su juya!" Kawu ya ƙwace wayar. "Argungu! Ku ce musu Argungu, don Allah!"

Aka ce suna tafe. Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa, yana share ido da hular.

Musaddiq ya yi gyaran murya.

"Kun ga dai kod ɗin lafiya lau. Matsalar daga jinjirin watan take. Shi ya kamata a sabunta."

Basirat ta rufe kwamfutar.

Darasi: Na'ura tana amsa abin da ka tambaye ta ne kawai. Kafin ka ƙaryata mutum, zauna ka saurare shi da haƙuri, domin girman kai na iya jiƙa abincin gari guda. Ku tura wa duk mai amsa gaisuwa da gira.