Takardar da Dikoume Bai Karanta Ba

Akwai wani makaniken jirgin ruwa a Douala ta ƙasar Kamaru mai suna Ebongue, wanda ya shekara goma sha tara yana kwance injuna yana ɗaurawa a wani kamfanin gyaran jirage da ke bakin kogin Wouri. Ni na san shi ciki da waje. Mun sha cin gasasshen kifi a teburi ɗaya, kuma rabin dabarun da yake taƙama da su daga bakina ya tsince su, ko da yake har yau bai taɓa cewa ya gode ba.

Ebongue idan ya kara kunne a jikin inji, zai gaya maka inda ciwon yake tun ba a kwance noti ɗaya ba. Turanci ne kawai ya gagare shi. Da Faransanci ya yi makaranta, littattafan injuna kuwa duk da Turanci suke zuwa. Hotunan yake kallo, hannunsa ya ƙarasa sauran.

Sai doka ta sauya. Aka ce daga watan Satumba ba mai sa hannu a kan aikin inji sai mai takardar shaidar ƙwarewa. A jarrabawar kuma akwai fahimtar Turanci: a ba ka shafi guda ka karanta, ka amsa tambayoyi ashirin a kansa. Kujerar shef, wato shugaban ɗakin inji, ɗaya ce, wanda ya fi kowa ci shi zai hau. Wanda ya faɗi, komai furfurarsa, ya koma ƙaramin ma'aikaci ko ya kama gabansa.

Masu neman kujerar da gaske su biyu ne, Ebongue da wani Dikoume. Shi Dikoume a hannun Ebongue ya koyi aiki, amma yanzu ya yi ƙiba, ya sayi tabarau, kuma a wurinsa ƙunshin tsofaffin takardun jarrabawar yake.

Kowa a bakin ruwan nan ya san sirrin. Shafuka shida ne masu jarrabawar suke ta juyawa shekara da shekaru. Saboda haka ba wanda yake wahalar da kansa da karatu. Duk Asabar sai a taru a ɗakin cin abinci, Dikoume ya tsaya a gaba kamar malamin firamare, yana faɗa ana amsawa: "Shafin famfon ruwa. Ta ɗaya B, ta biyu D, ta uku A." Manyan mutane da gemu suna rerawa har da kaɗa kai.

Asabar ta farko Ebongue ya je, aka miƙa masa takarda. Ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya dubi Dikoume da irin kiran abota na Douala ya ce, "Mola, shi wannan shafin me yake cewa ne?"

Dikoume ya sauke tabarau, ya kira shi kawu da Faransanci. "Tonton, cin jarrabawa ka zo yi ko neman auren Baturiya? Ina ruwanka da abin da yake cewa?"

Aka yi dariya. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma Dikoume ya ga kasuwarsa ta buɗe, sai ya ce, "To tunda kana son sani, tashi ka karanta mana layin farko mu ƙaru."

Ebongue ya tashi. Kalma huɗu ya yi, ta biyar ta maƙale masa a wuya. Ya koma baya, ta sake maƙalewa. Har mai dafa abinci ta leƙo tana toshe baki.

"Zauna, Tonton, kada harshenka ya karye, asibiti da nisa," in ji Dikoume, ya zare takardar daga hannunsa. "Wannan ajin na masu kai ne. Kai je ka fara koyon miƙa sifana da ladabi, don a Satumba ni za ka riƙa miƙa wa."

Ebongue ya ɗauki hularsa ya fita.

A gida matarsa Endale ta ajiye masa miyar ganye ta ndole da miyondo na rogo, ya zauna yana kallon kwanon kamar shi ya zage shi. Da ta matsa, ya kwashe labarin ya gaya mata.

"Mutumin nan ni na koya masa bambancin noti da wosha," ya ce. "Sai na ga ya sunkuyar da kai a gabana, ko da zan haɗiye ƙamus."

"Haɗiye miyondon tukuna, Baban Kwedi. Gobe kuma ka je wajen Pa Ndifor. Shekara nawa kana wuce shi a sito kana yi masa gaisuwar kurame?"

Pa Ndifor tsoho ne ɗan Bamenda, shi ke riƙe da siton kayan gyara, kuma da Turanci ya tashi. Ya saurari Ebongue har ya gama, sannan ya ja shi bayan sito inda wani tsohon famfo yake, irin wanda Ebongue bai taɓa taɓawa ba. Ya buɗe littafinsa ya nuna shafi.

"Karanta sau uku. Rufe littafin. Gaya min da Faransancinka abin da ya ce. Sannan ka yi shi a jikin famfon."

Ebongue ya karanta sama-sama, ya gane kalma biyu ko uku, ya ce a ransa ai famfo famfo ne. Ya kama noti ya murɗa yadda ya saba. Baƙin mai ya yi tsartuwa ya wanke masa fuska har cikin kunne.

Pa Ndifor bai ko motsa ba. Ashe da gangan ya cika shi da mai.

"Layi na biyu ya ce a fara rufe bawul na ƙasa," ya ce. "Ni ban tambaye ka abin da ka sani ba, makanike. Abin da takarda ta ce na tambaye ka. Goge fuskarka, mu koma."

Haka suka kama, kullum lokacin hutun rana, sa'ad da sauran ke layin fanke da wake. Dokokin tsohon ba su da yawa, amma ba ya sassautawa. Idan kalma ta gagara, ba a rugawa ƙamus. Sai an karanta abin da ke gabanta da bayanta, an yi hasashe, sannan a duba a ga ko an dace. Idan ya yi tambaya Ebongue ya amsa, ko amsar daidai ce sai ya ce, "Nuna min da yatsa inda aka faɗa." In yatsa bai sami layi ba, amsar ta faɗi.

Daga littafin famfo suka koma jarida, daga jarida zuwa takardar cikin kwalin magani. Endale ta ce ko buhun shinkafa ta sayo sai an karanta mata shi kafin a bar ta ta dafa.

Wata rana Pa Ndifor ya dube shi ta saman littafi. "Kana karatu kamar mai wasa wuƙa. Wa za ka yanka?"

"Dikoume."

"To. In haushi ne zai kai ka, kada ka bari ya huce kafin Agusta. Juya shafi."

A wurin aiki kuwa Ebongue ya ƙara maida kansa dolo. Ya kan ɗauki gwangwanin fenti ya je gaban Dikoume ya ce, "Mola, taimaka min, nan me aka rubuta?" Dikoume ya karanta masa da ƙarfi don kowa ya ji, ya daɗa sakin jiki. Wannan dabarar tawa ce, a kan kifi na ba Ebongue ita kyauta. Ya je yana gaya wa mutane wai a mafarki ta zo masa. Allah ya isa ban ce ba, amma na rubuta.

Ranar jarrabawa aka tashi da ruwa irin na Agusta, kowa ya shiga zauren da takalmi a jiƙe. Da aka raba takardu sai wani gunaguni na murna ya zaga ɗakin. Shafin famfon ruwa ne. Kanun nan ne, hoton nan ne, har ɗan tabon da ke gefen hoton.

Minti goma Dikoume ya yi. Ya miƙe, ya gyara tabarau, da ya zo wucewa ta gefen Ebongue ya rage murya ya ce, "Tonton, in ka gama ka rufe musu taga." Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har zauren ya kusa zama kango.

Ebongue ya dubi tasa takardar. Wata huɗu yana jin waƙar nan ta bangon ɗakin cin abinci, ta zauna masa a kai ko bai so ba. B, D, A. Ga ta nan a saman harshensa. In ya rubuta ta, aƙalla ba za su fi shi ba. Har ya ɗora biro a kan B.

Sai yatsansa na hagu, don sabo, ya tafi neman layi.

Bai samu ba. Ya sake bi daga sama, a hankali. Layin da ya amsa tambaya ta ɗaya yana nan, amma ba B yake nunawa ba. Ya duba ta biyu, ita ma ta kauce. Ko dai shi ne bai gane ba, ko mutum ashirin da suka fita suna dariya ne ba su duba ba. Shekara goma sha tara na aikinsa suna kan wannan zaɓin.

Ya ɗage biron daga kan B, ya bi yatsansa. Shi ne na ƙarshen fita.

Daga baya aka ji yadda aka yi. Wata sabuwar jami'a ce ta karɓi shirya jarrabawar, ta gaji da ganin mutanen da ke cin ashirin bisa ashirin amma ba sa iya karanta gargaɗin da ke jikin tukunyar gas. Sai ta bar kanu da hoto yadda suke, ta sake labarin ciki. A tsohon shafin, datti ne ya toshe famfon. A sabon, iska ce ta shiga bututu. Duk wanda ya karanta ko sakin layi ɗaya zai gani.

Sakamako ya fito. Ebongue goma sha shida. Dikoume uku, su ma ukun sa'a ce.

Ranar Litinin manaja ta kira Ebongue ofis. A bakin ƙofa ya tarar da Dikoume tsaye, ba tabarau, hula a hannu yana murza ta.

"Tonton, don Allah..."

"Wa?"

Dikoume ya gyara kira. "Shef. Matata cikin wata takwas gare ta, Shef. An ce maganar tana hannunka."

Ebongue ya tsaya ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, bai yi sauri ba ko kaɗan. Wata huɗu yana tsara abin da zai faɗa a wannan lokacin, har a gaban madubi ya gwada. Da lokacin ya zo sai ya ga shirun ya fi daɗi. Ya wuce ciki ya bar shi tsaye.

Manaja ta ce za a rage waɗanda suka faɗi, kuma shi ne shef yanzu, shi zai zaɓi waɗanda za su zauna a ƙarƙashinsa. Ta tura masa jerin sunaye, biro na kan sunan Dikoume.

"A bar min shi," in ji Ebongue. "Amma kullum da rana ya je bayan sito wajen Pa Ndifor, har ya sake zaman jarrabawar a watan Maris. Kuma a gaya masa ni na roƙa masa."

Da yamma Endale ta ji labari, ta ajiye ludayi ta dube shi. "Baban Kwedi, ashe kana da zuciyar yafiya ban sani ba?"

"Wa ya ce miki na yafe?" Ya ja kwano gabansa ya wanke hannu. "In aka kore shi, sau ɗaya zai ji zafin, ya tafi wani kamfanin ya ce hassada aka yi masa. In yana nan kuwa, kowace safiya sai ya kawo min aikinsa, ya tsaya, na karanta shi layi-layi kafin in sa hannu. Kuma kin san ni, Endale, ban iya karatu da sauri ba."

Darasi: Kada ka wulaƙanta mai tambaya don ya gane, domin ranar da aka sauya tambaya, hadda guduwa take yi ta bar ka, fahimta ce ke tsayawa. Abin da ke gabanka shi za ka karanta, ba abin da kake zaton yana wurin ba. Ku tura wa duk mai shirin jarrabawa. Ku kuma da kuka tsallako daga layin farko kuka diro nan don ku riga kowa yin sharhi, bayan na ɓata yini guda ina tsara muku zance, ina ganinku sarai. Ku koma sama ku karanta, sannan ku tura.